Ciyawa Rigar Ƙasa Ce: Mu Mayar da Gamba Gonakin Adar



Idan aka tambayi mutumin Adar abin da ya shuka bana, zai ce hatsi, ko dawa, ko wake, ko albasa. Idan aka tambaye shi abin da ya dasa, zai ce bedi ko bagaruwa. Da wuya a sami wanda zai ce ya shuka ciyawa. A ganinmu ciyawa aba ce mai fitowa da kanta. Ba ta da mai ita, ba ta bukatar kulawa, kuma ba ta ƙarewa.

Wannan tunani ya ja mana hasara babba. Ciyawar daji tana ƙarewa, kuma wasu irinta sun yi wuyar gani a kusa da garuruwanmu. Ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da za mu ɗauki ciyawa kamar sauran amfanin gona. Mu tara irinta, mu shuka ta, mu tsare ta, mu yanke ta da ƙa'ida. Idan ba mu yi haka ba, duwatsun da iyayenmu suka jera da itatuwan da suka dasa ba za su iya riƙe ƙasar nan su kaɗai ba.

Ciyawa ba iri ɗaya ba ce

Kowa ya san ciyawa, ko haki kamar yadda muke cewa a nan. Amma yana da kyau mu raba ta gida biyu.

Gida na farko shi ne ciyawa mai shekara ɗaya. A cikinta akwai ƙarangiya, da kyasuwa, da komayya, da guɗe-guɗe, da harkiya. Tana tsirowa da ruwan fari, ta yi ƴaƴa, ta bushe da kaka. Uwar takan mutu. Abin da yake saura shi ne irin da ya zuba a ƙasa. Idan iri bai zuba ba, baɗi babu ita.

Gida na biyu shi ne ciyawa mai daɗewa. Babbarsu ita ce gamba. Akwai kuma tsaure, da nobe, da jema a wuraren da ruwa yake kwanciya. Waɗannan ba sa mutuwa da rani. Ganye ne yake bushewa, amma gindi yana nan da rai. Gamba takan yi tsawo ta wuce mutum. Saiwarta kuma takan nutse cikin ƙasa fiye da mita 2. Shi ya sa take samun laima a lokacin da saman ƙasa ya bushe ƙurmus. Da an yi yayyafi, ita ce take fara yin tsanwa, tun kafin irin sauran ciyawa ya tsaga ƙasa.

Tare da su akwai ƙananan tsirrai kamar gadagi. Shi dangin wake ne. Yana ƙosar da dabba, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake yake yi.

Daji mai lafiya shi ne wanda ya haɗa su duka. Mai shekara ɗaya tana rufe ƙasa da sauri. Mai daɗewa tana ɗaure ƙasa shekara da shekaru. Idan fari ya kashe wannan, waccan tana nan.

Aikin da ciyawa take yi wa ƙasa

Ƙasar Adar ƙasa ce ta tuddai da duwatsu da kwaruruka. Daminarmu gajera ce, wata 3 ko 4. Ruwan kuma yakan zo da ƙarfi a lokaci ɗaya. Abin da zai faru da wannan ruwa ya danganta da abin da ya tarar a ƙasa.

Idan ɗigon ruwa ya faɗo a kan ƙasa tsirara, yana dukanta kamar taɓarya. Ƙasar takan daddale, ta yi ɓawo mai tauri. Wannan shi ne fako. Ruwa ba ya shiga fako. Sai ya kwarara, ya kwashi ƙasa mai kyau da taki, ya gangara. A hanya yana haƙa zaizaya. A kwari kuma yana cin bakin korama, yana zuba yashi a kan garake da gonakin fadama. Mai albasa a kwari yakan ga yashi ya binne masa aiki, alhali ciwon daga kan tudu ya taso.

Idan kuwa ɗigon ya faɗo a kan ciyawa, ganye ne yake tare shi. Ruwan yakan sauka a hankali. Gindin ciyawa yana rage masa gudu. Saiwa tana buɗe masa ƙananan hanyoyi zuwa cikin ƙasa. Ruwan da ya nutse a tudu, shi ne muke ja daga rijiya da rani.

Ko busasshiyar ciyawa tana da aiki. Da bazara, lokacin iska mai ƙarfi, ita ce take danne ƙasa kada ta tashi. Tana tare ƙura da ganye da kashin dabbobi da iska ta ɗauko. Gara takan zo ta ci wannan tarkace. Ramukan da gara take haƙawa suna fasa ɓawon fako, ruwa ya sami ƙofa. Haka ƙasar da ta mutu take farfaɗowa.

Ciyawa kuma uwar itace ce. Ƙwayar magarya ko ta aduwa da ta faɗi a fako, rana za ta ƙone ta, ko ruwa ya tafi da ita. Wadda ta faɗi a gindin gamba takan sami inuwa da laima da maɓoya daga bakin akuya. A cikin ciyawa ne zabin daji da fakara suke yin ƙwai, su kuma suna cin fara da ƙwari. Inda ciyawa ta tafi, duk waɗannan sun bi ta.

Abin da ya faru a ƙasarmu

Tsofaffinmu suna tuna lokacin da gamba take iyakar kowace gona. Da ita ake saƙa zana, da ita ake rufin rumbu da ɗaki. Ba a zuwa nesa nemanta.

Sai ga farin 1973, sannan na 1984. Dabbobi sun mutu, itatuwa sun bushe, mutane sun watse neman abinci. A irin waɗannan shekaru har ƴaƴan ƙarangiya an sussuka an ci. Ciyawar da muke raina ta ceci rayuka. Amma mai daɗewa ta sha wuya ƙwarai. Fari ya raunana ta, bakin dabba mai yunwa ya bi ta har gindi. Jama'a kuma ta ƙaru, gonaki suka hau tuddai, aka daina barin saura ta huta.

Ba a zauna an naɗe hannu ba. A 1975 aka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya, cikin yankin Buza, domin tare iska. A 1984 aka yi babban taro a Maradi a kan yaƙi da hamada. A wannan shekara ce kuma aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita, da taimakon ƙasar Italiya da hukumomin FAO da PAM. An haƙa ramuka a jikin duwatsu. An jera duwatsu a gonaki. An gina madatsun ruwa, an dasa miliyoyin itatuwa. Yawancin waɗanda suka ɗauki dutse a ka mata ne, domin maza da yawa sun tafi ci-rani. A yankin Illela kuma, wajen 1989, manoma suka inganta haƙan tassa bayan wasunsu sun ziyarci Yatenga a Burkina Faso.

Wannan aiki abin alfahari ne. Sunan Keita ya kai ƙasashen duniya saboda shi. Amma mu lura da abu guda. Dutse yana tare ruwa, ba ya haihuwa. Idan layin dutse ya rushe, sai an sake ɗauko wani. Idan yashi ya cike rami, sai an sake haƙa. Ciyawa kuwa shinge ce mai rai. Tana gyara kanta, tana ƙara kauri kowace damina. Layin dutsen da gamba ta kama gefensa ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Duk da haka, idan muna ba da labarin gyaran ƙasa, itatuwa muke ƙirgawa. Ba mai ƙirga gindin gamba.

Darasi daga nesa

Ba mu kaɗai muka taɓa raina ciyawa ba. A tsakiyar ƙasar Amurka akwai wani fili mai faɗin gaske wanda ciyayi suka rufe tun fil azal. Ɗaya daga cikin manyan ciyayin wurin ƴar uwar gamba ce. Manoma suka zo da garma da tarakta, suka tuge ciyawar, suka shuka alkama. Da fari ya zo a shekarun 1930, babu abin da zai riƙe ƙasa. Iska ta kwashe ta. Ƙura ta rufe rana, ta shiga ƙirjin yara da tsofaffi. Dubban iyalai suka bar gonakinsu. A 1935 sai da gwamnatinsu ta kafa hukuma ta musamman domin kiyaye ƙasa. Cikin magungunan da suka yi har da mayar da ciyawa inda aka cire ta.

Ga wani labarin kuma. Masu bincike sun ɗauki irin gamba daga Shika, kusa da Zariya a Nijeriya, suka kai shi Amurka ta Kudu. A 1980 aka fara raba shi ga masu kiwon shanu a Kolambiya da Barazil, domin sun ga tana jure fari da ƙasa maras ƙarfi. Abin da muke takawa mu wuce, wasu sun tsallaka teku da shi, suna shuka shi a gona.

An kai ta Ostareliya ma, har suna kiranta da sunanta na Hausa. Amma can ta zama annoba, ta mamaye dajinsu tana hura gobara. Wannan yana koya mana cewa kowace ciyawa da gidanta. Gidan gamba nan ne. Ba mu da bukatar jiran baƙon iri daga waje. Namu ya san ranarmu, ya san ƙasarmu.

Abubuwan da suke kashe ciyawa a yau

Na farko shi ne manjagara. Da kaka ta yi, sai a shiga daji da manjagara da amalanke. A share ciyawa ƙaf, har da ƴaƴanta, har da ƙasar sama. A bar wuri kamar tsakar gida. Wanda ya yi haka ya kwashe na bana, ya haɗa da na baɗi.

Na biyu shi ne tuge gamba da saiwarta, ko yanke ta daidai da ƙasa. Gindin da zai ba da zana shekara 10 ko fiye, an kashe shi a yini ɗaya.

Na uku shi ne sakin dabbobi a wuri guda tun tsirowar ciyawa har bushewarta. Dabba tana zaɓen mai daɗi ta bar maras daɗi. Idan mai daɗin ba ta sami damar yin ƴaƴa ba, sai ta ɓace. Daga nan garmani ya gaje wurin. Ku dubi burtali da bakin gari a wurare da yawa. Daga nesa ka ga tsanwa shar, ka matso ka tarar garmani ne, wanda dabba ba ta damu da shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Na huɗu shi ne gobarar daji. Guntun taba ko wutar shayi da ba a kashe ba takan cinye abincin garke na wata da watanni.

Na biyar shi ne cin iyaka. Gona tana cin burtali, tana cin hurumin kiwo. Wurin kiwo yana ƙanƙancewa, dabbobi suna yawaita a kansa.

Ga masu cewa ba zai yiwu ba

Wani zai ce: "Ciyawa kuɗi ce. Da ita nake sayen hatsi idan rumbu ya ƙare." Gaskiya ne. Ba mu ce a daina yankan ciyawa ba, kuma ba mu zargin talaka da neman abin da zai ci. Cewa muka yi a yanka, kada a share. Manomi komai yunwarsa ba ya cinye irin shukarsa. Mai sayar da ciyawa shi ya fi kowa bukatar ta sake fitowa. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Wani zai ce: "Gonata ƙarama ce, gamba za ta cinye mini wuri." Layin gamba bai wuce faɗin taki ɗaya ba. A iyaka ake sa shi, ko a jikin layin dutse, inda dama ba a shuka hatsi. A madadin wannan ɗan wuri, taki da ruwa za su tsaya a gonarka. Za ka sami zana ba tare da ka je kasuwa ba. Rigimar iyaka da maƙwabci ma za ta ragu, domin gindin gamba ba ya matsawa da dare.

Wani zai ce: "Ciyawa maɓoyar maciji ce." Haka ne, shi ya sa ba a barin ta a jikin ɗaki ko a bakin rijiya. A share kewayen gida, a bar ta daji da iyakar gona. Mai shiga cikinta ya sa takalmi, ya riƙe sanda.

Wani kuma zai ce: "In na tsare, dabbar wani za ta cinye." Wannan ita ce magana mafi nauyi. Mutum ɗaya ba zai iya tsare daji ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma ba daidai ba ne a gyara ƙasa sannan a kori makiyayi daga wurin da kakanninsa suke kiwo. Fulani da Buzaye sun san ciyawa fiye da yawancinmu. Taki da nonon dabbobinsu namu ne duka. Dabba ma tana yaɗa iri da kashinta da gashinta. Kiwo ba shi ne abokin gaba ba. Kiwon da ba hutu shi ne matsala. Ƙasarmu tana da dokar karkara tun 1993. Tana da dokar kiwo ta 2010, wadda ta kare burtali da wuraren kiwo, ta kuma sa ƙa'ida a kan kwasar ciyawa. Akwai kwamitocin kula da filaye tun daga ƙauye har gunduma. Abin da ya rage shi ne a zauna tare, manomi da makiyayi, a yanke shawara, a kuma riƙe alkawari.

Abin da ya kamata mu yi

1. Mu tara iri. Da kaka, a watan Oktoba da Nuwamba, kan gamba da na kyasuwa sukan nuna. A zage su a cikin buhu. A shanya a inuwa, a ajiye inda laima da gara ba sa kai. Wannan aiki ne da ƙungiyoyin mata da samari za su iya yi, har su sayar.

2. Mu shuka da farkon damina, bayan ruwa ya zauna. Irin gamba ba shi da nauyi, iska tana ɗauke shi. A gauraya shi da yashi mai laima ko taki. A ja ɗan layi, a zuba, a rufe sama-sama. Idan aka binne shi da zurfi ba zai fito ba. A zuba da yawa, domin ba duka yake tsirowa ba.

3. Mu yi dashe. A watan Yuli ko Agusta, idan ƙasa ta jiƙe, a tsaga babban gindin gamba. A ɗebi rabi, a bar rabi a wurinsa. A raba wanda aka ɗiba ƙanana, kowane da saiwarsa. A rage ganyen, a dasa, a danne ƙasa da ƙafa. Tsakanin gindi da gindi kamar kamu ɗaya.

4. Mu sa layi a gicciye, ba a bin gangara ba. A sa shi a jikin layin dutse, da bakin rabin wata, da kan zaizaya inda take farawa. Duk wurin da aka haƙa rabin wata don kiwo, kada a tashi sai an watsa irin ciyawa a ciki.

5. Mu tsare sabuwar shuka daga dabbobi a shekarar farko. Bayan ta kafu, tana jure kiwo da yanka.

6. Mu yanka da lauje, mu bar tsawon taƙi ɗaya a ƙasa. Wadda za a ba dabba, a yanke ta tana ɗanya kafin ta tsufa, a shanya a inuwa. Ta fi busasshen kara amfani a jikin dabba. Wadda za a yi zana da ita, a bari ta zubar da iri tukuna.

7. Kowane gari ya raba hurumin kiwonsa. A huta da kashi ɗaya a kowace damina har iri ya zuba. Baɗi a huta da wani. Inda garmani ya mamaye, a yi gayya a tuge shi kafin ya yi ƴaƴa, a watsa kyasuwa da komayya da gadagi a gurbinsa.

8. Mu share hanyoyin tare gobara da zarar ciyawa ta fara bushewa. Ma'aikatan gandun daji da na kiwo suna iya nuna mana faɗinsu da inda ya dace.

Ciyawa da lafiyar iyali

Kada mu ɗauka wannan maganar dabbobi ce kawai. Akuyar da ta ƙoshi ita ce take ba da nono. Nonon nan shi ne yake gina jikin yaron da aka yaye, ya tsare shi daga tamowa. Tunkiyar da ta tsallake bazara da ƙarfinta ita ce ake sayarwa a sayi magani. Rijiyar da ba ta ƙafe ba tana rage wa mata tafiya, tana ba da ruwan wanka da wanki. Ƙasar da take a rufe ba ta tashi ta zama ƙurar da take jawo tari da ciwon ido. Rigakafi ya fi magani, kuma wani rigakafin daga daji yake farawa.

Kira ga jama'a

Muna kira ga sarakuna da masu gari da magadan gari su sa maganar ciyawa a cikin taronsu kafin kaka. Muna kira ga masu ayyukan gyaran ƙasa su riƙa sayen iri daga hannun mutanen wurin. Idan sun zo duba aiki kuma, kada su tsaya ga ƙirga ramuka. Su tambaya ko ciyawa ta kama. Muna kira ga tsofaffi su nuna wa yara sunan kowace ciyawa da amfaninta, kafin sanin ya tafi tare da su.

Kai kuma mai karatu, ba sai ka jira kowa ba. Ka karanta wa maƙwabcinka wannan shafi. A daminar nan ka dasa gamba ko da gindi 20 ne a iyakar gonarka. Idan kowane gida daga Tamaske zuwa Ibohaman, daga Karofan zuwa Bangi, ya yi haka, ba za a daɗe ba tuddanmu za su sake samun sutura.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana zaman lafiya tsakanin manomi da makiyayi. Amin.